Gahawar Ranar Alhamis

Shekara arba'in da ɗaya muna tare da Hajiya, ban taɓa zama da ita a wani shago mun sha ko da ruwa ba. Ban ma lura da haka ba sai da wasu yara, mata da miji, suka tare a benen da ke samanmu a unguwar Safa, nan Jidda.

Mijin injiniya ne daga Zariya, wani kamfanin gine-gine ya kawo shi. Matar tana aiki a ɗakin magani na wani asibiti. Kowace Alhamis bayan magariba sai mu ji takunsu a matakala, suna saukowa suna gardama, shi yana cewa unguwar Ruwais za su, ita tana cewa a'a, an buɗe wani sabo ta bakin teku. Gidajen gahawa suke bi ɗaya bayan ɗaya. Ba irin namu na da ba, na maza zalla da gadajen igiya da hayaƙin shisha. Sababbin nan ne da suka cika Jidda a 'yan shekarun nan, inda ake soya 'ya'yan gahawa a gabanka, a auna su kamar zinariya, sannan a tsiyaya musu ruwan zafi a hankali ta cikin takarda, kai kuwa kana zaune kana jira kamar mai jiran likita.

Ni na san gahawa, ko in ce haka na ɗauka. A Damagaram aka haife ni, aikin tafinta a kamfanin jiragen ruwa ya yi yawo da ni. Na sha ta Habasha, wadda mace ke soyawa a kan gawayi, turaren wuta na tashi, a ba ka sau uku kuma kada ka tashi kafin na ukun. Na sha ta Santambul mai laka a gindin finjali. Na sha ta Bur Sudan mai citta, wadda ke sa ka gumi da sassafe. Ta Dakar yaji ne da ita, a tsaye ake shanta a bakin titi. Duk wannan na sha, kuma na iya ba da labarinsa da harshe huɗu. Amma ko dai ni kaɗai nake, ko cikin maza. Hajiya tana unguwar Nuzla a nan Jidda, inda aka haife ta, tana rainon 'ya'yanmu, ni ina aiko mata da yadi da turare.

Ranar Juma'a da hantsi yarinyar takan sauko wurin Hajiya a kicin ta kawo rahoto. Ni ina falo da littafi a hannu, kunnena yana can.

"Mama, ta jiya wallahi kamar an jiƙa tsamiya a ciki."

"Tsamiya a gahawa? Ai ta lalace ke nan, 'yata."

"Haka take, Mama, daga Kenya ta zo. Shi ya ce lemun tsami yake ji, ni na ce tsamiya. Muka yi ta yi har ta huce."

"Wa ya ci?"

"Ni mana. Shi fa hancinsa siminti kawai ya sani."

Suka kwashe da dariya. Na ɗaga murya daga falo na ce gahawa gahawa ce, yaran zamani ne ke neman kayan miya a cikinta. Hajiya ta ce, "Malam, ba karatu kake yi ba?"

Gaskiya ba tsamiyar ce ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum biyu su zauna su yi ta musu a kan finjali ɗaya har ya huce, kuma su dawo suna dariya a matakala. Yaron nan ko shekara talatin da biyar bai kai ba, bayan Zariya da Jidda bai san ko'ina ba, amma yana da abin da ni ban samu a ƙasa goma sha ba. In mun haɗu a masallaci ya durƙusa ya gaishe ni, sai in amsa a taƙaice. Bawan Allah bai san laifinsa ba.

Sai kamfaninsa ya tura shi garin Yanbu na wata uku. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Na ce to, matakala za ta huta.

Alhamis ta farko bayan tafiyarsa, na dawo daga magariba na tarar da gidan yana ƙamshin turaren wuta, Hajiya sanye da abayar da take ajiyewa don biki.

"Malam, yarinyar nan ba ta da abokin tafiya. Abincinka yana cikin kula."

Ban ji tambaya a cikin maganar ba, don haka ban samu inda zan sa a'a ba. Na ce a dawo lafiya. Na ci tuwona ni kaɗai, ina jin motar yarinyar tana fita daga layi.

Haka aka yi ta yi. Hajiya ta fara dawowa da kalmomin da ban san ta da su ba. Wannan ta yi nauyi a harshe, waccan ba ta da jiki, ta Yaman tana ƙamshin busasshen inabi. Wata safiya na dafa mana gahawa a 'yar tukunyar tagulla da na sayo a Santambul, kamar yadda nake yi kullum tun muna amarci. Wannan ne aiki ɗaya tilo da nake yi a kicin, kuma ina alfahari da shi. Ta kurɓa ta ajiye.

"Malam, kana ƙona ta."

"Yau?"

"Kullum."

"Shekara arba'in kina sha, ba ki taɓa faɗa ba."

"Ban san akwai wadda ba ta ƙone ba."

Ta faɗa ne ba tare da wani nufi ba, ta ma shanye sauran. Ni kuwa ranar ko azahar ban yi da natsuwa ba.

Na sa rai in injiniya ya dawo za a mayar mini da matata. Ya dawo, sai kawai suka mai da fitarsu Juma'a, Alhamis ta zama ta Hajiya da yarinyar. Har sun samu wani wuri a Ruwais da suke yawan komawa. Na fara lissafin kwanakin mako da Alhamis, kamar mai jiran ranar cire haƙori. Abin da nake so ƙarami ne, kuma na san shi sarai: in zauna a inda yarinyar nan take zama, in ga abin da take gani. Amma ta yaya dattijo kamata zai buɗe baki ya roƙi haka?

Allah ya kawo wani mako aka sa yarinyar aikin yamma ranar Alhamis. Na ga Hajiya ta ninke abayarta za ta mayar cikin kwaba. Na yi gyaran murya.

"Hajiya, shirya. Zan kai ki."

"Ina?"

"Inda kuke zuwa."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Yalla, mu je."

Ban samu wurin ajiye mota kusa ba, sai can bayan wani tsohon gida. Muka fito, na yi gaba. Haka mahaifina yake tafiya da mahaifiyata a Damagaram, haka surukina yake yi a Nuzla, haka ni ma na yi duk rayuwata: miji a gaba, iyali a baya da taku goma. Ba raini ba ne, kunya ce, kuma ƙafa ta saba. Ga Hajiya da ciwon gwiwa, sai goman ta zama talatin ban sani ba.

Na isa na tsaya ina neman ƙofar iyali, wadda a da kowane shago ke da ita daban da ta gwauraye. Babu. Ƙofa ɗaya ce ta gilashi. Na tura na shiga. Wurin cike yake da samari da 'yan mata, kowa da waya ko kwamfuta. Wata mata mai kimanin shekara arba'in, wadda daga baya na gane ita ce mai wurin, ta tare ni da fara'a ta tambaye ni da Larabci, "Mutum nawa, Ammu?" wato Baffa.

Na ɗaga yatsa ɗaya.

Har yau ina tambayar kaina dalili. Rabi sabo ne, don na shiga irin wannan ƙofa a birane da yawa kuma kullum amsar ɗaya ce. Rabi kuma bakina ne ya ƙi furta "ni da matata" a gaban 'ya'yan mutane. Kafin in gyara, ta kai ni wani dogon katako da ke fuskantar bango, inda masu zuwa su kaɗai ke jere, ta ja mini kujera mai tsayi. Na hau da ƙyar. Ƙafafuna suna lilo.

Sai ga Hajiya ta shigo tana numfashi. Mai wurin ta saki abin da ke hannunta ta nufe ta. "Khala! Ahlan, ahlan!" Wato Inna, lale marhabin. Ta sumbace ta a goshi, ta kama hannunta, ta kai ta wani teburi mai kujera biyu kusa da taga. Hajiya ta hango ni a saman kujerata. Ta dubi ƙafafuna, ta dubi fuskata, ta zauna abinta.

Na nemi ta Habasha, har na ƙara wa mai haɗawar bayanin yadda ake yinta a can, ya ce masha Allah, ya juya. Aka kawo mini. Ban san ɗanɗanonta ba, don wuyana a karkace yake. An jera wa Hajiya ƙananan finjalai uku, mai wurin ta ja ɗaya kujerar ta zauna a gefenta tana jiran hukunci. Hajiya ta shinshina na farko, ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta girgiza kai. Ta faɗi wani abu da Larabcin Nuzla, suka fashe da dariya. Irin dariyar nan ce da nake ji ta bayan bango in mata sun taru, ban taɓa ganin fuskar da ke yinta ba. Ashe har kanta take mayarwa baya.

Tsakanina da teburin bai wuce taku takwas ba. Na zauna ina jiran ta aiko a kira ni. Ba ta aiko ba. Na duba agogo, saura kaɗan a kira isha'i. Na san yadda abin zai ƙare: in fita masallaci, in same ta a bakin mota, mu koma gida shiru. Ba za ta yi mini gori ba, ba halinta ba ne. Amma ba za ta sake cewa yalla ba.

Na zamo daga kujerar. Gahawa ta fantsalo mini a gaban farar riga. Na riƙe finjalin da hannu biyu, na ratsa tsakanin teburori, ina jin kamar duk Ruwais ni take kallo, alhali ko mutum ɗaya bai ɗago daga wayarsa ba. Mai wurin ta tashi ta tsaya tsakanina da Hajiya, cikin ladabi amma ba wasa.

"Ammu, wannan teburin da mai shi."

Hajiya ta ce da Hausa, "Ƙyale shi, halas, shi ke nan. Mijina ne."

Matar ta dafe ƙirji. Ashe kakanta daga Katsina ya zo, tana jin Hausa sarai, magana ce ke yi mata nauyi. Ta haɗa kalmomin ɗaya ɗaya: "Khala, shi ne... mai ƙona gahawa?"

Har nan labarina ya iso. Na zauna a kujerar da ta bari, ina goge riga da hankici.

"Sai yanzu?" in ji Hajiya.

"Na ɗauka za ki kira ni."

"Kai da ka ce kai kaɗai ne? Ta gilashi na ga yatsan."

Ta turo mini finjali na uku. "Sha ka gaya mini abin da ka ji."

Na kurɓa. Tsami na ji, ba wani abu ba. Na ce tana da kama da wata da na taɓa sha a Harar ta Habasha, na fara ba da labarin kasuwar garin. Ta ɗaga hannu.

"Malam, ba inda ka je na tambaye ka ba. Me ka ji a bakinka?"

Na sake kurɓa. Na ce zoɓo. Ta ce a'a, dabino ne wanda bai gama nuna ba. Na ce zoɓo dai. Ta ce harshena ya saba da gawayi, sai a hankali. Muna cikin haka aka kira salla.

A hanyar gida, muna tsaye a danja, na ce ba tare da na dube ta ba, "Alhamis mai zuwa akwai wani wuri da na ji ana yabo."

"Alhamis ta yarinya ce."

"Na riga ta saninki da shekara arba'in."

"Ita ta riga ka tambaya."

Danja ta ba da hannu, na bayana ya yi mini oda. Sai da muka shiga layinmu ta ce Litinin ba ta da komai.

Litinin muke fita yanzu. Wuraren ba cika, ana samun inda za a ajiye mota. Ta koya mini in sauke tukunyar tagulla kafin ta tafasa, kuma na yarda ta fi daɗi, ko da yake ban faɗa mata ba. Sai dai duk inda muka je, ita da yarinyar sun riga sun je ranar Alhamis. Ta san abin da za ta nema, ta san wadda zan so da wadda zan tsana, wani lokaci ma har an san sunanta. Ban taɓa ganin fuskarta a kurɓin farko na gahawar da ba ta sani ba. Wannan kam yarinyar ce ke gani, sannan ta hau sama ta ba wa injiniya labari.

Kwanan baya na roƙe ta, da bakina, ta bar mini wuri ɗaya a duk faɗin Jidda, kada su taɓa shi sai mun je tare. Ta ce za ta yi shawara da yarinyar. Wata biyu ke nan, suna kan shawara.