Ina Harsashin Ya Sauka

Bindigar Yaya sabuwa ce da aka ƙera a kamannin ta da, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ranar da na fara ganinta a garejinsa a Greensboro na ce masa ai wannan bindigar toka ce ta mafarautan garinmu, an dai shafa mata mai. Ya yi dariya ya ce in bari Turawan ƙungiyarsu ta masu harbi su ji ni.

Duk lokacin sanyin nan a kanta ya ƙare. So yake ta riƙa samun allon ƙarfe daga nesa, nisan da mutum ke komawa kamar tsinke. Ya cire ƙarfen saitin da ta zo da shi, ya ɗaura wani dogo mai 'yar huda da ake murɗawa sama ko gefe. Man da ake shafa wa harsashi kuwa ya ƙi na kanti, wai bai san kitsen wace dabba ke ciki ba. Ni na narka masa kitsen rago da kakin zuma a tsohuwar tukunyar matarsa, tana ta mita wai gidan ya koma mahauta.

Na ji daɗin aikin. Tunda na iya riƙe ta ina gogewa ba tare da fargaba ba, na ɗauka na warke. Yaya ya san mahara sun shiga garinmu kafin ya ɗauko ni, ya san a rumbu na ɓuya. Abin da bai sani ba shi ne warin. Bindigogin 'yan sa-kai da suka tare maharan irin wannan albarushin suke ci, kuma ban taɓa gaya wa kowa cewa har yanzu warin na maƙale a maƙogwarona ba.

Da rana ta fara ɗumi ya ce, "Auta, ke ce idona. In na harba hayaƙi ke rufe ni, ba na ganin komai. Ke za ki leƙa madubin hangen nesa ki gaya min inda ƙura ta tashi, sai in murɗa saitin. In babu ke, aikin banza na yi."

Muka tafi wani filin harbi can bayan McLeansville. Dattawan Turawa ne cike, masu gemu da tumbi. Ya sa min abin toshe kunne, ya zaunar da ni gaban madubin, ya kwanta a gefena.

Ƙarar ba ta kai warin ba. Kafin in sani idona ya rufe, na ji ni cikin rumbu, ƙaiƙayi a wuyana.

"Ina ya sauka?"

"Ban gani ba, Yaya."

Ya sake ɗurawa, ya sake harbawa. Ban gani ba. Haka muka yi ta yi. Gaskiya nake faɗa, amma na bar shi ya fahimce ta yadda ba haka take ba. Ya ɗauka harsashin ne ke bauɗewa har ya fita daga abin da madubin ke nunawa. Ya murɗa saitin nan, ya murɗa can. Wani dattijo ya zo ya duƙa yana duba ɗaurin da Yaya ya yi da hannunsa, yana girgiza kai. Ina kallon Yaya, ina jin yana cewa, "Wataƙila ni na ɓata ta." Na yi shiru. Wannan shirun ne ke hana ni haɗa ido da shi har yau.

Sai can ya ja kunama, bindigar ta ƙi tashi, ƙyas kawai. Ni ban ji ba. Ya bar bakinta na kallon fili kamar yadda doka ta ce, ya juyo da kai, ya same ni ido a runtse, kafaɗu a kunne, ina jiran ƙarar da ba ta zo ba.

Ya taɓa gwiwata. Da na buɗe ido na so ƙasa ta tsage.

"Tun ɗazu?"

Na gyaɗa kai.

"Kai, Auta. Kin sa na kusa zagin kitsen ragon mutane." Bai yi dariya ba. "Mu tafi gida?"

"Aikinka fa?"

Ya kalli filin. "To ji nan. Wannan ba irin ta maharan nan ba ce, harsashinta tsoho ne, tafiya yake da sanda. Ki rufe idonki yadda kike so. In kin ji ƙarar, ki buɗe. Wallahi harsashin bai isa can ba tukuna."

Ya gyara ta, ya kwanta. Na rufe ido tun kafin ya taɓa kunamar. Ƙarar ta zo, warin ya biyo ta. Na buɗe ido ɗaya da ƙyar, hawaye na ɓata min gani. Allon na nan shiru. Sai ga 'yar ƙura ta tashi a ƙasansa.

"Ƙasa," na ce. "Ƙasa, ta hagu kaɗan."

Ya kai hannu ya murɗa saitin, bai dube ni ba. Ni kuma na tashi na zaga bayan motarsa na yi amai, dattawan nan suna yi kamar ba su gani ba. Da na dawo yana riƙe da sandar ɗuri, yana jira in zauna.