Ejan Ɗin da Ya Mai da Ni 'Yar Wuse

Har yau in na ji kalmar ejan raina sai ya sosu. Mu a unguwarmu Kwamba, cikin Suleja, ejan shi ne mai nemo maka ɗakin haya, sai ga shi wai aiki ma yana da nasa.

Digirina na biyu a lissafi ne, shekara biyu ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi. Burina in shiga kamfanin zuba jari a Abuja, cikin masu auna haɗarin kasuwa da lissafi da kwamfuta. Na tura sibi ɗina, wato takardar bayanin karatuna da aikina, kai tsaye wurare da dama, shiru kake ji. Sai wata ƙawata ta haɗa ni da wani ejan ɗin aiki, mutum mai bakin tsiya.

"Hajiya, bar mini sibi ɗinki in ɗan goge shi," in ji shi.

Wata Talata, ƙarfe tara saura, ina tsakiyar darasi, ya bugo. Wai kamfani na nemana intabiyu ƙarfe goma.

"Yau? Malam, ina Suleja fa!"

"Ki dai taho."

Na bar yara da allo, na tare keke, na faɗa motar Abuja da alli a hijabina. Gosulo ya riƙe mu a Madalla, ya sake riƙe mu a Zuba. Sha ɗaya da rabi na isa ina haki.

Shugabar sashen, wata dattijuwa mai tabarau, ta dubi agogo ta dubi sibi ɗin da ejan ya tura musu.

"Malama, daga Wuse zuwa nan minti goma ne. Mun riga mun ɗauki wani."

Wuse kuma? Na leƙa takardar. Ashe gogewar ke nan: ya share Kwamba, ya rubuta Wuse. Na fito cike da kunya.

Da na kira ejan ɗin, ko a jikinsa. Wai manyan kamfanoni ba sa son ganin Suleja. Kai jama'a! Rabin masu buɗe ofisoshin Abuja da safe a ina suke kwana? Garin da aka binne cibiyata ne abin ɓoyewa? Na wanke shi tas, na kashe waya, amma aikin dai ya tafi.

Bayan wata guda, da sassafe, na shiga motar Abuja da sibi ɗina na asali, zan kai da hannuna. A Gauraka wata ta shigo muka matsu a baya. Ina ɗagowa na ga tabarau ɗin nan. Ita ma ta gane ni.

"'Yar Wuse, me kike yi a nan?"

Na kwashe labari na ba ta. Muna wuce Madalla ta juyo ta dube ni.

"'Yata, shekara tara nake bin hanyar nan," ta ce. "Da Suleja na gani a takardarki, wallahi ƙarfe biyu zan sa miki intabiyun."