Gonar da Yaya Isiyaka Ke Koyar da Kusurwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Isiyaka, malamin lissafi a ƙaramar sakandaren garinmu a ƙasar Zurmi. Allah ya jiƙansa. Ni na gaji ajinsa, har da wata al'ada tasa da na kasa cikawa.

Yaya bai yarda a fara darasin kusurwa a kan allo ba. Da damina ta kankama, sai ya kwashi 'yan aji biyu ya tafi da su gonarsa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Ga kunyoyin gero a jere, ba mai haɗuwa da 'yar'uwarta, ga 'yar hanya ta ratsa su a karkace. Sai ya auna kusurwa ɗaya tak, ya ce digiri saba'in ce, ya nemi inuwa ya zauna. Sauran kuwa, yara su nemo. Wannan ya gane ta gefenta ɗari da goma ce, tunda su biyun suka cika miƙaƙƙen layi. Waccan ta ruga kunya ta gaba, tana ihun ta sake samun saba'in. Mutumin nan akwai zolaya. In ka kuskure, cewa yake yi, "Kai, ko jakin Jangeru ya fi ka sanin kwana."

Yana jinya ya ce mini, "Lawali, kar ka kulle mini su cikin aji." Na ce awo, Yaya, na yi alkawari. Wallahi da gaske nake.

To, yau mi zai ce? Gonar tana bayan shingen 'yan sa-kai, an daina nomanta saboda 'yan bindiga. Hanyar Ƙaura sai da rakiya, ta Shinkafi sai addu'a. Ina zana layuka biyu da alli, in ce su ɗauka kunyoyi ne, su yi ta kallona. Bara wata yarinya ta ce, "Malam, ni fa ban taɓa shiga gona ba." 'Yar manomi, jikar manomi! Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa ma da wa zan yi fushi.

Kowace damina ina roƙon shugaban makaranta ya bar mu mu je, ko na awa ɗaya. Bana ya gaji, ya ce in tambayi iyaye. Na tara su, na yi ta bayani. Wani dattijo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, mun ji. In ka fita da talatin ka dawo da ashirin da tara, gidan wa za ka fara zuwa?"

Ban sake ɗago maganar ba, kuma ba zan sake ba.

Ɗalibansa suna nan, wasu kafintoci, wasu magina, duk sun iya nemo abin da ba a faɗa musu ba daga wanda aka faɗa. Wannan ya ɗore. Nawa kuwa suna cin jarrabawa, amma hadda ce, na sani. Yaya, ka yafe mini. Na kulle su cikin aji, kuma ni ne ke duba ƙofar kowace safiya.