Kwanon da Ƙasa Ta Ƙi Karɓa

Kakata Inna Tabawa zanen ƙwarya take yi da wuƙa mai zafi, shi ya sa wutarta ba ta mutuwa bayan magariba. Nan muke kewaye ta a gidanmu na Tudun Wada, tana ƙona zane tana ba mu tatsuniya, hayaƙi yana sa mu hawaye.

Ana saura shekara biyu a sami 'yancin kai, wani mai kanti mutumin Gabas ya kawo kwanukan roba. Yakan doka ɗaya da ƙasa ya ce wannan har abada ba ya lalacewa. Matan da ke sayen ƙoren Inna don jeren amare suka fara wuce ƙofarmu kamar ba su san ta ba. Abincinta ke nan fa. Inna ta sayo jan kwano guda, ta kife shi a kan soro, ta ce kada wanda ya taɓa.

Ran nan ta ƙago mana tatsuniyar wani baƙo mai jar riga, da ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ce wa Rana ba ta isa ta tsufar da shi ba. Rana kuwa kullum takan fito ta kafa masa ido. Riga ta koɗe, jiki ya tsattsage, ya zube. Da aka je binne shi, Ƙasa ta ce ba ta san shi ba.

Na tambaye ta to ina ya tafi.

"Yana nan, 'yar nan. Bai rayu ba, bai mutu ba, sai damun mutane."

Rani biyu kwanon ya yi a soro. Ta sauko da shi gaban matan unguwa, ta matsa da yatsa biyu, ya marmashe kamar busasshen ganye. Ta binne gutsattsarin tare da fasasshiyar ƙwarya. Bayan damina ta tona: ƙwarya ta zama ƙasa, roba tana nan. Matan suka yi salati, washegari suka je suka sayo sabbin kwanukan roba. Wallahi har yau abin yana ƙona min rai.

Bara jikata mai karatun kimiyya ta ce yanzu ana haska wa roba wani haske mai ƙarfi, don in an yar da ita ta yi saurin rugujewa a rana. Na ce ƙasa ta karɓa? Ta ce ana kan dubawa. Na ce su duba da kyau, don tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ta riga su tona ramin. Inna ta rasu da ƙore jibge a ɗaki babu mai saye, kuma ko sau ɗaya ba ta ci tuwo a roba ba.