Halilu Mai Ƙofa da Zomon Kulu

Shekara goma sha tara Malam Halilu ya yi yana buɗe ƙofar magudanar da ke kawo ruwan madatsar Goronyo zuwa gonakin Rimawa. Litinin da Alhamis masu albasa, Asabar masu shinkafa. Bai taɓa makara ba, ba a kuma taɓa ba shi ajiya ta salwanta ba. Shi ya sa da autarsa Kulu ta yi aure a Rara, shi ta bar wa zomonta, fari mai baƙin kunne ɗaya, wanda ta yi renonsa tun bai cika tafin hannu ba.

"Baba, amana na ba ka," in ji ta. "Bayan wata biyu in na zo ganin gida, sai in ɗauke shi."

Kwana tara da tafiyarta zomon ya haƙa ƙarƙashin danga, ya faɗa gonar maƙwabcinsu Maccido, ya share fangali biyu na latas. Maccido ya kawo shi riƙe da kunnuwa.

"Malam Halilu, don girmanka na maido shi da rai. In na koma ganin shi cikin latas ɗina, wuƙa zan sa mai, in aiko maka da cinya guda."

Halilu ya rufe shi a keji. Zomon ya ƙi ci, kwana biyu cur, ko ganyen wake bai taɓa ba. Sai Halilu ya yi abin da ya gada wajen kiwon awaki: ya kafa turke a bakin magudana, ya sa masa igiya a wuya. Da ya murɗa ƙofa ruwa ya taho da ƙara, zomon ya zabura, igiya ta fizgo shi, ya faɗi rigingine idanu waje. Halilu ya yanke igiyar. Ya daɗe zaune da shi a cinya yana jin bugun zuciyar zomon, yana tunanin bakin da zai gaya wa Kulu.

Ranar kasuwar Achida ya sa shi a kwando ya tafi wurin Siddiƙu baduku, abokinsa tun na makarantar allo.

"Mi kak kawo min, nama?" in ji Siddiƙu.

"Maɗauri nika so ka yi mai."

Siddiƙu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Na yi ma doki, na yi ma jaki, na yi ma raƙumi. Yau sai zomo! Sirdi ma za a yi mai? Wa za ya hau, kai?"

Halilu bai yi dariya ba. Siddiƙu ya fiddo ƙaramar ragama, Halilu ya ce kan zomo santsi gare shi, zai zame. Ya fiddo abin wuyan rago, Halilu ya kau da kai. Ya ce to a ɗaure ƙafa, Halilu ya nuna masa ƙafar, siririya kamar karan gero. Azahar ta gabato ba su tsayar da komai ba, zomon kuma sai haki yake yi cikin kwando.

Nan wata mata mai sayar da ƙuli-ƙuli ta tsaya gaban rumfar, ta sunkuya tana gyara goyo. Yaron ya gantsare da ƙarfi, amma majanyin bai sake shi ba, bai kuma taɓa wuyansa ba.

"Siddiƙu, dubi can. Yi mai awa goyo, irin ɗaurin majanyin can. Ƙirji za ya ɗauki nauyi, ba wuya ba."

Siddiƙu ya daina zolaya. Ya auna ƙirjin da zare, ya yanka jar fatar akuya mai laushi, faɗin yatsu biyu, ya bi da ita bayan ƙafafun gaba, ya gitta ta a kafaɗa. Zoben igiya ya ɗinka shi a gadon baya, inda haƙori ba ya kaiwa. Sau uku Halilu ya sa a kwance a gyara, sai da yatsansa ɗaya ya shiga ƙarƙashin fatar, biyu suka ƙi.

Ranar Litinin Halilu ya kafa turke a bakin magudana, taku goma daga latas ɗin Maccido, Maccido kuwa na tsaye da fartanya yana kallo. Halilu ya yi bismilla ya murɗa ƙofa. Ruwa ya taho, zomon ya zabura, igiya ta miƙe. Halilu ya runtse ido. Da ya buɗe, zomon na tsaye kan ƙafafunsa, har ya fara tsinkar ciyawa.

"Ka hana ni nama," in ji Maccido, ya koma aikinsa.

Kulu ta zo ranar da ta ce. Ta ɗauki zomon, ta shafa fatar maɗaurin, ta ga ya yi ƙiba.

"Baba, karnuka sun yi yawa unguwarmu. Bar shi nan wurinka."

Zomon ya ci gaba da zama wurin Halilu. Har yau, kafin ya taɓa ƙofar ruwa, sai ya durƙusa ya zura yatsa ƙarƙashin fatar nan tukuna.