Isa Kafinta, Mai Jirgin Benci na Gummi

Inna Habsu, mahaifiyata, a kan gadon marasa lafiya aka sauko da ita daga jirgi a Jidda, shekarar 2011. Laifina ne. Ni na roƙa a zaunar da ita kusa da mijin ƙanwata don ya kula da ita. Aka sa ta tsakiyar layi mai kujera huɗu, shi yana bakin hanya. Tsohuwar da ko ruwa ba ta sha a gaban suruki, ta yaya za ta ce masa ya tashi za ta zagaya? Ta matse, ta ƙi ci ta ƙi sha, har ta suma. Kwana tara ta yi a asibiti.

Kowa a Gummi ya ce ƙaddara ce. Isa Kafinta kaɗai ya dube ni ya ce, "Ƙaddara ta, Sanusi, amma kai ma ka yi wauta. Ka taɓa ganin cikin jirgi?"

Ban taɓa ba. Shi ya gani. Shekara goma sha biyu ya yi a Kano yana gyaran kujerun jirage in sun sauka, ko da yake bai taɓa tashi a ko ɗaya ba. Yakan ce jirgin da can mai bene har falo gare shi a sama, manya na zagayawa kamar a zaure. Na yanzu kuwa kujerar gaba ta zama gado, na baya gwiwarsa na dukan bayan wani.

Tun daga shekarar da Inna Habsu ta suma, duk Asabar bayan ƙaramar sallah sai ya kwaso bencinan shagonsa ya kai fili. Ya zana jirgi a ƙasa da toka. Mutum uku nan, huɗu tsakiya, uku can. Hanya kamu ɗaya, ba ya ƙara ko yatsa. Can ƙarshe ya kafa zana, shi ne bayan gida. Maniyyata har daga Anka da Bukkuyum suke zuwa a kan babura, ba wanda ya taɓa biyansa.

Na ga ranar da ya tsare wata dattijuwa a tsakiyar benci.

"Inna Dija, hwaɗi da ƙarfi: ɗana, tashi in wuce."

"Ni? In tada ɗan mutane don in zagaya? Allah shi kiyashe ni!"

"To zamna nan. Ni ko ba ni tada jirgin ga sai kin hwaɗi."

Ta faɗa, fuska rufe da mayafi, fili ya ɗauki dariya. Ya sa ta maimaita har sau biyar. Sannan ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana tambayar wa ke kunyar wa, wa ke da ciwon ƙafa, ya rubuta ya kai wa masu raba kujeru.

Malam Isa, kai ne ka gane kunyarmu ba ta tsayawa a ƙofar jirgi. Shekara bakwai ba mu sake jin wata tsohuwa tamu ta faɗi a hanya ba. Ni ban yi boko mai nisa ba, ban iya daɗin baki ba, amma na gode. Masu sana'a, ku dube shi: abin da ya sani ya fito da shi fili, bai kulle a shago ba.

A 2018 aka sa sunansa cikin masu yi wa alhazai hidima. Tafiyarsa ta farko ke nan, yana da shekara sittin da shida. A sansanin alhazai na Sakkwato, wajen raba kujeru, ya ga an jefa wata tsohuwa 'yar Adabka, mai kumburarriyar ƙafa, a tsakiyar layi, wani jami'i lafiyayye kuma ya riƙe kujera mai faɗi a gaba. Da Isa ya yi magana, aka ja shi gefe aka ce ya yi shiru. Ya ƙi. A gaban jama'a ya ce wa jami'in, "Ranka shi daɗe, ƙahwar ga ba ta lanƙwasuwa. Taka tana yi."

Aka mayar da tsohuwar gaba, ta tafi ta dawo lafiya. Shi kuwa kafin la'asar an cire sunansa. Ya dawo Gummi a motar haya da haraminsa a ninke cikin jaka. Bana gwiwa ta zaunar da shi, kuma ba a sake kiransa ba.