Saiwar da Ban Je Na Gani Ba

Ƙamshin kimba da jar kanwa ne ya buge ni shekaranjiya, da na buɗe wani tsohon gwangwanin madara a gidanmu na Gwadangaji. Garin maganin kakata ne a ciki, bai fi cokali biyu ba.

A hannunta na tashi, a Argungu. Idan damina ta kankama ruwan rijiya ya gurɓace, sai ciwon ciki ya bi yaran unguwa gida gida. Kumburi ne, gudawa ce, murɗa ce, duk wurinta ake kawowa. Ta ɗebi garin nan kaɗan ta kaɗa a kunun gero. Ɗacinsa kuwa, ko yanzu na tuna sai yawu ya taru mini a baki. Amma yaron da aka kawo goye da hantsi, kafin la'asar za ka gan shi yana korar awaki.

Na san abu huɗu da take dakawa: kimba, citta, jar kanwa da ganyen sabara. Na biyar wata saiwa ce da take tonowa a fadama idan ruwa ya janye. Haka suka gada a gidansu, ba a kiran sunanta, sai dai a zaɓi mutum ɗaya a kai shi ya gani da idonsa.

Ni ta zaɓa. Lokacin ina sakandare, kaina ya cika da boko.

"Taho mu tahi hwadama in gwada maki wagga saiwa," ta ce.

Na ce ina da jarrabawa. Ƙarya nake, kunyar a gan ni da fartanya cikin laka nake ji.

"To, sai baɗi," ta ce. Baɗin da ba ta gani ba ke nan.

Kwanan baya na karanta cewa a ƙasar Mongoliya masana na binciken maganin ciwon ciki na kakanninsu, suna tantance abin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi sai da na yi kuka. Su suna da abin kaiwa a bincika, namu kuwa fadamar ma ta zama gonar shinkafa.

Yanzu mahaifina ne kwance da ciwon ciki. Asibiti na iya ƙoƙarinsu, amma shi kullum maganin uwarsa yake nema. Jiya na kaɗa masa cokali ɗaya. Ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Ai ta gwada maki, ko? In ya ƙare sai ki daka muna wani."

Na ce to. Saura cokali ɗaya a gwangwanin.